Sunan Wa Ke Kan Buɗin Wasa Na Shida A Reykjavik?

Ran 23 ga Yulin 1972, a zauren Laugardalshöll da ke Reykjavik, babban birnin Aisland, Bobby Fischer na Amurka da Boris Spassky na Tarayyar Sobiyet suka zauna wasa na shida a gasar kambun duniya ta ces, darar nan mai gida 64 wadda malamanmu suka sani a littattafan fiƙihu da sunan shaɗaranji. Kafin ranar kowannensu na da maki biyu da rabi. Fischer ne ke riƙe da farare, ya kuma ci wasan a taku na 41. Wasan ya yi kyan da har Spassky ya bi sahun 'yan kallo yana tafa wa wanda ya kayar da shi. Daga nan Fischer ya shiga gaba, bai sake komawa baya ba har ya karɓi kambun da maki 12½ da 8½, kambun da 'yan Sobiyet suka riƙe tun 1948.

An yi rubuce-rubuce da yawa a kan yadda aka buga wannan wasa. Ni tambayata ƙarama ce: salon da aka buɗe wasan da shi, yaya sunansa? Wanda ya ga takun farko kaɗai zai ce buɗin Ingila ne. Littafin Turanci zai ce Queen's Gambit Declined ne, reshen kariyar Tartakower. Littafin Rashanci zai kawo sunayen Makogonov da Bondarevsky. Kundin rajista kuma zai ce D59, ya yi shiru. Abu ɗaya, amsa huɗu. Hausawa sun ce suna linzami ne, kuma kowanne cikin waɗannan yana jan mai karatu zuwa wani gari daban, da wani zamani daban, da wani mutum da aka tuna ko aka manta.

Takun farko da sunan ƙasa

Layukan allon ces na tsaye suna da haruffa daga a zuwa h, na kwance kuma lambobi daga 1 zuwa 8, don haka kowane gida yana da adireshinsa. Duniya ta san Fischer da taku ɗaya na farko: tura dakaren da ke gaban sarki zuwa e4. Da shi ya tashi, da shi ya yi suna, kuma a kansa Spassky da mataimakansa suka shafe watanni suna shiri. A wasa na huɗu Fischer ya buga e4 ɗin, Spassky ya tare shi da kariyar Sisili, ya matsa masa sosai kafin a tashi kunnen doki. Saboda haka a wasa na shida Fischer ya tura dakaren c zuwa c4, takun da ba a cika ganinsa a hannunsa ba.

Wannan taku shi ake kira buɗin Ingila, kuma Ingilar nan mutum ɗaya ce: Howard Staunton, gwanin Landan, wanda ya yi amfani da shi a karawarsa da Saint-Amant na Faransa a birnin Paris a 1843. Haka sunayen ƙasashe suke a ces, da wuya ka tona ɗaya ba ka tarar da mutum ko ƙaramin rukuni a ƙarƙashinsa ba. Kariyar Faransa ta samo suna daga wasan da ƙungiyar Paris ta yi da ta Landan ta hanyar wasiƙa, wanda aka fara a 1834. Buɗin da Jamusawa da Rashawa suke kira na Sifen, masu Turanci suna kiransa Ruy Lopez, sunan wani limamin coci ɗan garin Zafra da ya yi bayaninsa a littafinsa na 1561.

Sai dai sunan Ingila bai daɗe a kan wannan wasa ba. Spassky ya amsa da e6, Fischer ya fito da doki, Spassky ya tura dakare d5, Fischer ya tura nasa d4. A taku na uku allon ya riga ya zama na wani buɗi daban. 'Yan wasa suna kiran wannan rikiɗa, wato a bi wata hanya a isa inda wata hanyar take kaiwa. A nan ƙa'idar farko ta raɗa suna take: ana duba yadda 'ya'yan suka tsaya ne a allo, ba a damu da wanda ya riga wani motsawa ba. Fischer ya shigo ta ƙofar Staunton don ya kauce wa wasu amsoshin, ya kuma isa gidan da ya nufa.

Taɗiya da sarauniya

Gidan da ya isa shi ne Queen's Gambit, sunan da ya shiga bakin waɗanda ba su taɓa riƙe ɗan ces ba tun da Netflix ta fitar da fim mai dogon zango da wannan suna a 2020, daga littafin Walter Tevis na 1983. Kalmomi biyu ne, kowacce da tarihinta.

Gambit daga Italiyanci ta fito, daga gambetto, wato taɗiya irin ta kokawa, a sa wa abokin karawa ƙafa ya faɗi. Ruy López ne ya shigar da ita harshen ces. Ma'anarta a allo ita ce ka miƙa dakare kyauta a farkon wasa domin ka sami sarari da saurin fito da mayaƙanka. A wannan buɗi, fari yana ajiye dakarensa na c4 inda dakaren baƙi na d5 zai iya cinsa. Amma masana sun daɗe da gane cewa kyautar ba ta zama a hannu: baƙi in ya ci, ya kuma nace sai ya riƙe, zai shiga wahala, shi ya sa yakan mayar. Mafi yawan manyan 'yan wasa ma ba sa karɓa, sai su tokare d5 da dakaren e6, kamar yadda Spassky ya yi. Wannan ƙin karɓa shi ne kalma ta uku a sunan, Declined.

Sarauniyar kuwa ba a sadaukar da ita, a wannan wasan ma ba ta motsa a ɓangaren Fischer ba sai a taku na 12. An sa sunanta ne don rigimar a gefenta take tashi. Kuma ba kowa ke ganin sarauniya a wannan gida ba. Wasan ya taso daga Indiya da sunan caturanga, ya shiga Farisa ya zama catrang, Larabawa suka karɓa suka ce shaɗranj. A duk wannan tafiya wanda ke tsaye kusa da sarki mashawarci ne, firzan, mai taku ɗaya a karkace, ɗaya daga cikin masu rauni a manya. A Turai aka mai da shi mace, kuma a ƙarshen ƙarni na 15 a Sifen aka ba ta ƙarfin ratsa allo ko ta ina. Rashawa sun karɓi sabon ƙarfin amma sun riƙe tsohon suna, har yau ferz suke cewa. Haka wanda Turanci ke kira bishop, su giwa suke kiransa, kamar yadda Larabawa suka ce al-fil, Sifaniyawa kuma alfil. Ke nan a teburin Reykjavik, Fischer yana buga taɗiyar sarauniya, Spassky kuma a harshensa yana ƙin karɓar taɗiyar waziri.

Akwai kuma sunan da ya ɓace. Wannan buɗi tsoho ne, yana cikin rubutun Göttingen na wajen ƙarshen ƙarni na 15. A ƙarni na 18 wani gwani ɗan birnin Halab na ƙasar Sham, Philipp Stamma, ya zauna a Paris da Landan yana yaba shi, har aka riƙa kiransa taɗiyar Halab. Stamma ɗin nan shi ne ya yaɗa rubuta taku da haruffa da lambobi a littafinsa na 1737. Duk mai rubuta c4 ko e6 a yau yana cin gajiyar aikinsa, amma sunan garinsa ya sauka daga kan buɗin.

Mutum uku a kan taku biyu

Wanda ya ƙi karɓar taɗiya yana biyan farashi. Dakaren e6 da ya tokare tsakiya ya toshe wa giwarsa ta fararen gidaje hanya. Kusan duk rassan wannan kariya amsa ce ga tambaya ɗaya: ta ina za a fitar da giwar nan? Spassky ya amsa da taku biyu. A na shida ya tura h6, ya tambayi giwar Fischer inda ta nufa, ya kuma buɗe wa sarkinsa kafar numfashi. A na bakwai ya tura b6, ya share wa giwarsa wata hanyar. Waɗannan taku biyu a jere su ne abin da ake jayayya a kan sunansa.

A Yammacin Turai da Amurka sunan Savielly Tartakower ne a kai. An haife shi a Rostov ta bakin kogin Don a 1887, ya yi karatun shari'a a Vienna, ya wakilci Folan, ya ƙare rayuwarsa a Paris a 1956 yana ɗan Faransa. Ya buga wannan tsari da zakaran duniya Capablanca a gasar Landan ta 1922, aka tashi kunnen doki. Wanda ya tsaya wa Capablanca na wancan lokaci da baƙaƙe, duniya za ta duba da me ya tsaya.

A Tarayyar Sobiyet kuwa mutum biyu aka fi ambata: Vladimir Makogonov, gwanin birnin Baku, wanda daga baya ya taimaka wajen horar da Garry Kasparov yana yaro, da Igor Bondarevsky. Su ne suka zauna wa tsarin a shekarun 1930 da 1940, suka bi rassansa, suka mai da dabarar mutum ɗaya ta zama makamin da za a dogara da shi a kowace gasa. Littattafai masu son adalci sukan jera su ukun: Tartakower, Makogonov, Bondarevsky.

Sunan na uku yana da nauyi na musamman a wannan wasa. Bondarevsky shi ne malamin Spassky, shi ya ɗauke shi a farkon shekarun 1960 lokacin da tauraronsa ya dusashe, ya raka shi har ya karɓi kambu daga hannun Petrosian a 1969. Sun rabu kafin tafiya Reykjavik. Spassky ya zauna ba malaminsa a kusa, ya ɗauko kariyar da ke ɗauke da sunan malamin, wadda ta daɗe tana yi masa rana, kuma a cikinta aka kayar da shi. Wanda ya san buɗin da sunan Tartakower kaɗai ba zai ga wannan ɓangare na labarin ba.

Wannan rabuwar suna ba a nan kaɗai take ba. Zamanin Yaƙin Cacar Baka ya raba ƙamus ɗin ces gida biyu. Abin da Yamma ke kira kariyar Pirc, da sunan gwanin Yugoslabiya Vasja Pirc, Sobiyet sun haɗa shi da Anatoly Ufimtsev. Taɗiyar da Rashawa suka raɗa wa sunan kogin Volga, masu Turanci suna kiranta da sunan Pal Benko, ɗan Hungary da ya gudu ya koma Amurka. Benko ɗin nan shi ne ya bar wa Fischer gurbinsa a gasar share fage ta Palma a 1970, hanyar da ta kai shi teburin Reykjavik. Ba na ganin kowane ɓangare ƙarya ya yi. Kowa ya sa sunan wanda ya gani da idonsa yana aikin, a mujallun da yake iya karantawa.

Tartakower kansa gwanin raɗa suna ne. A gasar Barcelona ta 1929 ya fito da tsarin da ya kira buɗin Kataloniya don girmama masu masauki. A New York a 1924, bayan ziyarar gidan namun daji, ya buɗe wasa da b4 ya sa masa sunan birin orangutan, buɗin da Rashawa ke dangantawa da Alexey Sokolsky wanda ya rubuta littafi a kansa. Yana kuma cikin waɗanda suka yaɗa laƙabin kariyar Indiya a shekarun 1920. A ƙarƙashin wannan Indiya ma akwai mutum: Moheschunder Bannerjee, wanda ya yi ɗaruruwan wasanni da lauyan nan John Cochrane a Kalkata a tsakiyar ƙarni na 19, yana barin tsakiyar allo ga abokin karawa yana kai mata hari daga nesa. Sunan Cochrane yana kan wata taɗiya har yau. Bannerjee kuwa an narkar da shi cikin sunan ƙasa, alhali zuriyar dabararsa, irin su kariyar Indiya ta sarki, tana cikin manyan makaman zamani.

Waɗanda sunan bai kai kansu ba

Suna yakan tsaya a taku na bakwai ko na takwas, aiki kuwa ya ci gaba. Bayan an yi musayar dawaki da giwaye, Fischer ya kai sarauniyarsa a3 ta ɗaure dakaren c5 da ke tsakaninta da sarauniyar Spassky, sannan a taku na 14 ya ajiye giwa a b5. Wannan taku ba nasa ba ne. Semyon Furman, malamin Anatoly Karpov, ya buga shi a 1970 ya ci Efim Geller da shi. Fischer, wanda ya koyi Rashanci gwargwadon karanta mujallun ces na Sobiyet, ya san wasan. Geller kuwa yana Reykjavik a matsayin babban mataimakin Spassky.

Spassky ya amsa da a6, amsar da Geller ya bayar ya sha kaye. Nan Fischer ya yi musayar da ta bar wa baƙi dakaru biyu a c5 da d5, kafaɗa da kafaɗa, ba ɗan'uwa a dama ko hagu da zai tokare su. Masu wasan suna kiransu dakaru masu reto, kuma sunan ya dace: in sun sami tura gaba su zama mashi, in aka tsayar da su su zama kaya a wuyan mai su. Fischer ya ci giwar Spassky da doki a e6, sannan a taku na 20 ya soki tsakiya da e4, takun da aka yi tsammaninsa tun farko. Spassky ya tura d4, dakarun nan biyu suka daskare, fararen gidaje suka zama na giwar Fischer ita kaɗai. Sauran wasan matsi ne a hankali: f4, e5, f5, hasumiyoyi biyu a layi ɗaya, dakare ya kafu a e6, sarauniyar Spassky tana kai da komowa tsakanin gida biyu don ba ta da abin yi. A taku na 38 Fischer ya ba da hasumiya ya ɗauke dokin da ke tsaron sarki, bayan taku uku Spassky ya sallama.

Shekara ɗaya bayan haka, a Hilversum ta ƙasar Holan, Jan Timman ya maimaita wa Geller takun Furman. Geller ya janye sarauniyarsa zuwa b7, ya bar dakare a ci, ya kuma ci wasan da farmaki. Wannan amsa ta dusashe takun b5, ta dawo wa kariyar da martabarta, har Karpov da Kasparov suka yi ta buga ta a karawarsu ta shekarun 1980. Geller ya yi wa wannan tsari hidimar da ba ta gaza ta kowa ba, amma jerin sunayen ya riga ya cika kafin ya iso.

Lamba ko suna

Ganin wannan ruɗani ne ya sa wasu gwanayen Belgrade, ƙarƙashin jagorancin Aleksandar Matanović, suka nemi harshen da ba na kowa ba. Sun fara mujallar Informator a 1966, daga 1974 kuma suka fara fitar da kundin buɗe-buɗen ces mai juzu'i biyar. Sun kasa dukkan buɗi gida 500, daga A00 zuwa E99. A wannan tsari wasa na shida D59 ne, ko a Mosko ko a New York. Amfaninsa a fili yake: ba fassara, ba gardamar wa ya riga wa, kuma kwamfuta tana tace miliyoyin wasanni da shi cikin ƙiftawar ido.

Duk da haka 'yan wasa ba su daina kiran sunaye ba, kuma ina ganin sun yi daidai. D59 yana gaya maka inda za ka nemo abu, ba ya gaya maka dalilin da ya sa aka tura h6 kafin b6, ko wanda ya sha kaye kafin a gane hakan. Suna kuwa yana aiki irin na salsalar malamai a karatun zaure: wane ya karɓa daga wane, shi kuma daga wane. Salsala takan tsallake wani, takan fifita wanda ya fi almajirai, amma ita ke tuna wa ɗalibi cewa ilimin nan mutane ne suka wahala a kansa.

Akwai ma hanya ta uku da ta girmi duka biyun. Gwanayen Bagadaza na zamanin Abbasiyawa, irin su al-Adli a ƙarni na 9 da as-Suli a ƙarni na 10, suna kiran jeren farkon wasa ta'biya, wato shirin runduna, kuma sukan raɗa masa suna da siffarsa: al-Mujannah mai fukafukai, as-Sayyal mai kwarara kamar ambaliya. Kalmar ta'biya tana raye, manyan 'yan wasa na yau suna kiran matsayin da aka saba isa kafin a fara tunanin kai tabiya. Allon Reykjavik bayan taku na 13 tabiya ce cikakkiya. Wannan tsohon wasa na Larabawa ya iso har ƙasar Borno, inda masu bincike suka tarar da shi a farkon rabin ƙarni na 20 da sunan tsatsarandi, wanda kunne ke jin shaɗranj a cikinsa.

To wane suna ya cancanta? Abin da binciken nan ya nuna mini shi ne, a ces ba a cika ba wanda ya fara suna ba, ana ba wanda aka gani ne, a wurin da ake da mujallu da masu rubutu. Shi ya sa Staunton ya zama Ingila guda, Stamma ya rasa Halab, Bannerjee ya ɓace cikin Indiya. Gyaran wannan ba ya buƙatar a soke sunan kowa. A baki a ce kariyar Tartakower, don ita ce gajeriya kuma ya cancanta. Amma mai koyarwa, da kowane harshe yake koyarwa, ya kamata ya kai ɗalibinsa har ƙarshen jerin: Makogonov da Bondarevsky da suka gina, Furman da ya gano ɓaraka, Fischer da ya nuna wa duniya zurfinta, Geller da ya ɗinke ta. Ɗalibin da ya san waɗannan mutane shida ya san dalilin kowane taku daga na shida zuwa na 14, kuma wannan sanin ne zai yi masa amfani ranar da abokin karawarsa ya kauce daga abin da ke cikin littafi.